Yadda Ake Shan Maganin Zaizayar Ƙashi, Daga Ƙwayar Farko Zuwa Ranar Hutu

Tun ranar da na yi rubutu kan karayar da ke samun tsofaffinmu daga ɗan tuntuɓe a tsakar gida, wayata ba ta huta ba. Wani daga Birni ya ce an rubuta wa mahaifiyarsa maganin ƙashi, ya buɗe kwali ya tarar da ƙwaya huɗu kacal, yana tambaya ko mai farmasi ne ya zare saura. Wata daga Mirya ta ce kakarta ta sha sau biyu ta rantse ba ta ƙarawa, don ƙirjinta ya yi kamar an zuba barkono. Wani kuma so yake ya ji ko da gaske akwai ƙarin ruwan da ake yi sau ɗaya ya wadatar har shekara.

Dangin wannan magani sunansu bisfosfonat, a cikinsu akwai alendoronat, risedoronat, ibandoronat da zoledoronat. Suna manne wa ƙashi su rage masa zaizaya, don kada ya zama kamar itacen da gara ta cinye ta ciki, a waje lafiya lau, da an taɓa sai ya ruguje. Ƙwayar ba ta da wuyar haɗiya, amma tana da ƙa'ida, kuma wanda ya saɓa ƙa'idar ya zubar da kuɗinsa. Likita ne ke rubuta ordonansi. Nawa shi ne in jera muku abin da ake yi kafin a karɓe ta da bayan an karɓa.

1. A tabbatar ciwon ne

Yawancin masu zuwa da kukan "ƙashi" gwiwa ce ke damunsu, ko sanyin gaɓɓai. Wannan magani ba na ciwon gwiwa ba ne, ba ya kuma kashe zafi. Zaizayar ƙashi ba ta sallama. Alamarta ta fari sau da yawa ita ce karaya: tsohuwa ta zame a banɗaki wuyan hannu ya karye, ko kwankwaso, ko a ga tsawonta na raguwa bayanta na ranƙwafawa. Ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, sai dattawa maza, sai duk wanda ya yi wata uku ko fiye yana shan maganin kumburi irin su firedinisolon ko dekizametazon.

Akwai na'urar auna ƙwarin ƙashi, ana ce mata DXA. In awon ya nuna −2.5 ko ƙasa da haka, zaizaya ce, bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na'urar ba ta yawaita a asibitocinmu ba, amma kada wannan ya tsayar da ku. Karayar kwankwaso ko ta ƙashin baya daga faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba, wadda hoto ya tabbatar, ta ishi likita hujjar fara magani.

Gargaɗi: ku faɗa wa likita gaskiya game da ƙwayoyin ƙiba da ake saye a faranti. Da yawansu dekizametazon ne, suna hura fuska suna cin ƙashi. In ana shansu an daɗe, ba a yanke su dare ɗaya, likita ne zai nuna yadda ake ragewa. Na biyu, ko maɗori ya ɗora karaya ta kama, dalilin da ya sa ƙashin ya karye yana nan, sai a je asibiti.

2. Gwaje-gwaje kafin ƙwayar farko

Abu biyu ba a tsallake su a jini: kalsiyom da kiriyatinin. In kalsiyom ya yi ƙasa, sai an gyara shi tukuna, domin maganin na ƙara saukar da shi. Da kiriyatinin ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. In ya gaza mililita 35 a minti, ba a ba da alendoronat ko zoledoronat. Risedoronat da ibandoronat kuwa iyakarsu 30. In ana iya auna bitamin D, a auna. Hasken rana bai ƙare mana a Damagaram ba, amma tsohuwar da ke wuni cikin ɗaki, in za ta fita ta lulluɓe, tana iya rasa shi.

Sai haƙora. In akwai ruɓaɓɓe da ke bukatar cirewa, a cire shi dasashi ya warke kafin a fara. Akwai wata larura da ba kasafai take faruwa ba, inda ƙashin muƙamuƙi ke ƙin warkewa bayan cire haƙori ga mai shan wannan magani. Ta fi samun masu ciwon daji da ke karɓar allurar da yawa, amma duba baki ba ya cin komai idan aka kwatanta.

Gargaɗi: ba a ba da ƙwayar ga wanda abinci ke maƙale masa a maƙoshi, ko wanda ba ya iya zama a miƙe rabin awa, ko mai ciki, ko mai shayarwa. Mai gyambon ciki ko yawan ƙwannafi ya faɗa tun kafin a rubuta.

3. Zaɓen jadawali da lissafin kuɗi

Alendoronat shi ne aka fi rubutawa. A kwali za ku ga acide alendronique, ko Fosamax. Miligiram 70 ne sau ɗaya a mako, ko miligiram 10 kullum. Ƙarfinsu ɗaya, amma na mako ya fi sauƙin bi. Shi ya sa kwalin ke zuwa da ƙwaya huɗu, ɗan Birni, ba wanda ya zare maka komai. Akwai kuma Fosavance, wanda aka haɗa da bitamin D a ƙwaya guda.

Risedoronat, wato Actonel, miligiram 35 ne a mako, ko 5 kullum. Yana da na wata, miligiram 150, ko 75 kwana biyu a jere. Ibandoronat, wato Bonviva, miligiram 150 ne a wata, ko allurar jijiya ta miligiram 3 duk wata uku. Sai zoledoronat, wato Aclasta, miligiram 5 ta ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara.

A ganina kada sauƙin "sau ɗaya a wata" ya ruɗe ku. Ibandoronat an tabbatar yana kare ƙashin baya, amma kariyarsa ga kwankwaso ba ta tabbata kamar ta sauran ukun ba, kuma karayar kwankwaso ce ke kwantar da tsoho. Wanda ya riga ya karye a nan, ya tambayi likita alendoronat, risedoronat ko ƙarin ruwa.

Lissafin kuɗi na shekara ake yi, ba na yau ba. Mako 52 ƙwaya 52 ke nan, kwali 13 masu huɗu-huɗu. A misali, in an ce maka kwali jika biyar, to jika 65 za ka tanada, ban da kalsiyom da gwaji. Na wata ƙwaya 12 ne. Ƙarin ruwa kwalba ɗaya ce, kuɗinta a dunƙule, ga na gwajin ƙoda da na sakawa. Ku zagaya farmasi biyu ko uku, ku tambayi wanda ba na babban kamfani ba, sinadarin ɗaya ne kuma ya fi araha. Ku kuma tambaya ko ana samunsa a kai a kai, domin fara magani a yanke bayan wata biyu don ya ɓace a gari, an yi ba a yi ba ke nan.

Gargaɗi: kada a saya a faranti ko a inuwar kasuwa. A gida a bar ƙwayar cikin ledarta, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da jikoki. Zafin watan Afrilu da Mayu ba ya raga wa magani.

4. A tsayar da rana

Rana ɗaya a mako, ba ta canzawa. In Hajiya na azumin Litinin da Alhamis, a kauce musu. Alhamis ma ranar kasuwa ce, gida na hargitsewa tun da sassafe. Ni Juma'a na fi so, domin ba tsohuwar da ke manta Juma'a. A rubuta ranar da manyan baƙi a bayan kwali, a sa ƙararrawa a wayar wanda ke kwana gidan, ba a ta ɗan da ke Yamai ba.

Mai na wata ya ɗauki kwanan wata guda a kalandar boko, kamar 1 ga wata. Tsofaffi da watan sama suke ƙirga, in aka gauraya lissafi biyu sai a sha sau biyu ko a tsallake.

5. Safiyar shan magani

A nan ne ake cin riba ko a yi hasara. Ko an bi ƙa'ida sarai, abin da hanji ke tsotsa daga ƙwayar bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Da ta haɗu da abinci, ɗan abin nan ma sai ya tafi. Nescafé ko ruwan lemo kaɗai na rage shi da wajen kashi 60. Nono da madara kuwa ɗaure shi suke yi ya wuce a banza.

Na taɓa leƙa wata gwaggona da hantsi na ce, "Gwaggo, kin sha na yau?" Ta ce, "Na sha, ɗan nan. Da kokona nake kora shi, ya fi wucewa." Wata huɗu ke nan tana haka, ɗanta na aiko da kuɗi kowane wata. Ba laifinta ba ne, ba wanda ya zauna ya yi mata bayani.

Ga yadda ake yi. A kwana ciki ba komai, aƙalla awa shida. Da an tashi, kada a sa komai a baki: ba shayi, ba koko, ba goro, ba dabino, ba wani magani. Alwala da asuwaki ba su hana komai. A yi sallar Asuba tukuna. Kwanciya ce takardar maganin ta hana, amma ruku'u da sujada ma suna kifa kai ƙasa, ƙwayar da ba ta gama sauka ba tana iya tasowa. Saboda haka salla farko, magani bayan sallama.

Sai a zauna a miƙe ko a tsaya, a haɗiye ƙwayar ɗungurungum da cikakken kofi na ruwa, aƙalla mililita 200. Rabin ledar ruwa ya yi. Ɗan finjalin shayi bai yi ba, kurɓi ɗaya ma bai yi ba. Ba a tauna ta, ba a tsotsa, ba a daka ta a jiƙa, domin tana ƙona baki da maƙoshi. Ruwan ya zama na famfo ko na leda. Ruwan rijiya mai zartsi, da ruwan gora mai yawan ma'adinai, da duk ruwan da aka jefa wa kanwa ko jiƙo, a bar su.

Daga nan a ƙirga minti 30 da agogo, ga alendoronat da risedoronat. Ibandoronat awa ɗaya cur. A tsawon lokacin ba ci, ba sha sai ruwa, ba kwanciya, ba kishingiɗa, ba sunkuyawa shara ko hura wuta. Tsofaffinmu dama sun saba zama kan sallaya bayan Asuba suna lazimi har gari ya waye. Wannan zaman shi ne ya dace, a jingina baya da bango, carbi a hannu. In lokaci ya cika a karya kumallo, a sha maganin hawan jini da sauransu. Sai bayan an ci wani abu ne ake iya kwanciya.

Wadda ta saba komawa barci bayan Asuba, kada ta sha a lokacin. Ta bari sai ta tashi tashin ƙarshe, muddin ba ta ci komai ba.

Akwai guda ɗaya da ya saɓa: risedoronat miligiram 35 da aka rubuta wa gastro-résistant a kwali. Shi bayan karin kumallo nan take ake shansa, amma zaman rabin awa na nan.

Gargaɗi: kakar ƴar Mirya, ina kyautata zaton da ɗan ruwa ta sha ta koma shimfiɗa. In an bi ƙa'ida amma haɗiya ta soma zafi, ko ƙirji na ƙuna sabo, ko aka ga baƙin bayan gida, a dakatar a je asibiti ranar. A kuma rage dikilofenak da ibufurofen, su ma suna cin ciki, in suka haɗu abin ya yi yawa.

6. Kalsiyom da bitamin D, amma ba tare ba

Maganin magini ne, sai an kawo masa tubali. Ana son dattijo ya samu wajen miligiram 1,000 zuwa 1,200 na kalsiyom a rana, abinci da ƙwaya a haɗe, da bitamin D wajen awo 800 (a kwali ana rubuta UI 800). Nono, kindirmo, cuku, miyar kuka, kwaɗon zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya duk suna da shi. In likita ya rubuta ƙwayar kalsiyom, a sha ta da abincin rana ko na dare. Haka maganin ƙarin jini da farin ruwan nan na gyambon ciki. Kuskuren da na fi gani shi ne a tara duka a tafin hannu a watsa baki da safe.

7. In an manta, ko an yi kuskure

Na mako: a sha washegarin ranar da aka tuna, da safe, sannan a koma ranar da aka saba. Ba a shan biyu rana ɗaya. Na kullum: a bar na yau, a ci gaba gobe. Ibandoronat na wata: in saura fiye da kwana 7 kafin na gaba, a sha gobe da safe. In saura kwana 7 ko ƙasa, a jira ranarsa. In an yi amai bayan sha, ba a maimaitawa ranar.

Gargaɗi: akwai masu shanye kwalin mako huɗu cikin kwana huɗu, don sun saba magani kullum ake sha. In haka ta faru, ko jika ya haɗiya, a ba da cikakken kofin madara, kada a sa shi amai, kada ya kwanta, a tafi asibiti da kwalin a hannu.

8. Watan azumi

A daren ranar magani a daina ciye-ciye da wuri. A tashi rabin awa ko fiye kafin lokacin sahur, a sha da ruwa, a zauna, sannan a yi sahur, sannan salla. Mai ibandoronat ya tashi awa ɗaya kafin. Ba a shansa da buɗa-baki, ciki na jiran kunu da dabino, ba kuma a shansa lokacin kwanciya.

9. In ƙarin ruwa aka zaɓa

Shi ya fi dacewa da wanda ƙwaya ke ƙona wa ƙirji, da wanda ba ya iya zama, da mai mantuwa, da na ƙauye mai nisa da farmasi. Babban gwajin da aka wallafa a 2007 ya nuna cewa cikin shekara uku ya rage karayar ƙashin baya da kashi 70, ta kwankwaso da kashi 41. In bayan aikin kwankwaso ne, ana jiran mako biyu ko fiye.

Kafin kowane zagaye, a sake gwajin ƙoda da kalsiyom, ba na bara ba. Ranar a ci abinci, a sha ruwa kofi biyu kafin a saka, a ci gaba da sha bayan an gama. Kwalbar mililita 100 ce, kuma ba a barinta ta ƙare ƙasa da minti 15. In ka ga tana gudu, yi magana da ladabi, ƙodar mahaifiyarka ce. Ba a haɗa shi layi ɗaya da ruwan da ke da kalsiyom, irin su Ringer. In da hali a kauce wa tsakiyar bazara da watan azumi, lokacin da jiki ke bushe. Mai zawo ko amai ya ɗaga ranar.

Gargaɗi: akwai Zometa, miligiram 4, sinadari ɗaya ne amma na masu ciwon daji, jadawalinsa daban. A duba kwali. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa kuma ya daina ƙwayar mako, ba a haɗa biyu.

Cikin kwana uku na farko, wajen mutum ɗaya cikin uku kan yi zazzaɓi, ciwon jiki da ciwon kai, musamman a karon farko. Farasetamol da ruwa sun isa, yana wucewa, kuma shekara mai zuwa ya fi sauƙi. A nan garin kowa zai ce zazzaɓin sauro ne a ruga sayen magani. Kada a yi zato ta kowane ɓangare: in damina ce, ko zazzaɓin ya yi tsanani, ko ya wuce kwana uku, a yi gwajin ɗan yatsa. In leɓe da yatsu suka soma tsirawa kamar ana tsikara, ko tsoka na ɗaurewa, kalsiyom ne ya sauka. In ido ya yi ja yana zafi, shi ma a koma asibiti.

10. Shekara nawa, da batun hutu

Ba a jin aikin maganin nan a jiki. Sai an yi wata shida zuwa shekara kariyarsa ke kankama, kuma alamar yana aiki ita ce shiru, ba sabuwar karaya. Da yawa kan daina cikin shekarar farko don "ba su ga canji ba". Ku ja kunnen tsofaffi tun farko. Sau ɗaya a shekara a koma, a auna tsawo a jikin bango, a gwada ƙoda, a duba baki.

Bayan shekara 5 ana shan ƙwaya, ko zagaye 3 na ƙarin ruwa, likita zai zauna ya auna. In ba a sake karyewa ba kuma haɗarin ya ragu, ana ba da hutu na shekara biyu zuwa uku, domin maganin na daɗewa a cikin ƙashi yana aiki. In haɗarin na nan, kamar wadda ta taɓa karya kwankwaso ko ƙashin baya, ko mai ci gaba da firedinisolon, ana iya kaiwa shekara 10 da ƙwaya, ko 6 da ƙarin ruwa. A lokacin hutu kalsiyom da bitamin D ba sa hutu, kuma sabuwar karaya na nufin a koma wurin likita ba sai wa'adi ya cika ba.

Gargaɗi: wanda ya yi shekaru yana sha ya soma jin ciwo mai nauyi a cinya ko matsematsi ba tare da ya bugu ba, a yi hoton cinyoyin biyu. Akwai wata irin tsagewar ƙashin cinya da ke zuwa da daɗewar shan magani, ba ta da yawa, amma tana yin sallama da wannan ciwo makonni kafin ta karye. Sannan allurar Prolia ta duk wata shida ba ƴar wannan dangi ba ce, ba a yi mata hutu. In aka yanke ta haka kawai ƙashin baya na iya karyewa a jere.

Duk wannan lissafi ba ya yiwuwa in ba a san ranar farawa ba. Likitoci na canza wurin aiki, ordonansi na yagewa. A shafin farko na karne, wato ɗan littafin asibiti, a rubuta sunan maganin, miligiram nawa, ranar da aka sha ƙwayar farko, da ranar kowane ƙarin ruwa. A ɗauki hoton shafin a waya, a tura wa mutum biyu cikin ƴaƴa.